Yadda Na Kai Ƙanƙara Dutsen Sina

Mu Sakkwatawa abu ɗaya ne ba a yi mana wa'azinsa, shi ne zafi. Wanda ya yi azumi a watan Afrilu a garinmu, ya ga kwalta tana kama takalmi, ba shi da sauran abin koyo a wannan fanni. Shi ya sa da muka gama jarrabawar zangon farko a watan Janairu, mu huɗu da ke haya ɗaki guda a Hayyul Ashir ta birnin Alƙahira, aka kawo shawarar mu je garin Sant Katrin mu hau Dutsen Sina, wanda mutanen wurin ke kira Jabal Musa, ina jin an ce cikin sahara yake na bugi ƙirji na ce, "Ku bar mini shirin."

Suka bar mini kuwa. Har yau ban yafe musu wannan biyayyar ba.

Mako guda na yi ina tsari. Na buɗe mana zaure a WhatsApp, na naɗa kaina shugaba, na rubuta dokoki. Kowa ya zo da kaya marasa nauyi, da tabarau, da hular hana rana. Ban yarda a ɗauko suwaita ba, don kaya ne na banza. Wani daga cikinmu, wanda muke kira Ɗan Damagaram, ya ce, "Malam, na taɓa kwana a hanyar Agadas cikin hunturu, daren sahara ba wasa ba ne. Kuma wannan gari a kan tudu yake." Na ce masa, "Abokina, tudu ai kusantar rana ne. In ka hau sama ka ƙara matsowa kusa da ita, to ta ina sanyi zai fito?" Sauran biyun, Liman da Dogo, suka gyaɗa kai, don hujjar ta yi kama da ta mai ilimi.

Babban abin alfaharina shi ne kula. Na aro ta wurin wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan, na dafa zoɓo, wanda Misirawa ke kira karkade, na ɗura a robobi goma sha biyu, na sa a firiza kwana biyu suka zama dutse. Na ƙara da ƙanƙara leda uku. A lissafina, muna isa ƙololuwa maƙogwaro ya bushe, in buɗe kula, jama'a su yi mini addu'a.

Motar ta bi da mu ta ramin Ahmad Hamdi, wanda ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwais, muka fito cikin Sina. Hanyar shingaye ne birjik, kowanne sai an duba fasfo da takardar iƙama. A wani shinge jami'in ya ce a buɗe kula. Ya leƙa, ya kalle ni, ya sake leƙawa. Ya tambayi inda za mu, na ce Katrin. Sai ya kira abokin aikinsa da ke shan shayi, ya nuna masa. Su biyu suka tsaya a kan kular shiru, kamar masu ta'aziyya. Na ɗauka tsarina ne ya burge su.

Mun isa bayan isha'i. Ƙofar motar tana buɗewa wani abu ya mare ni a fuska. Ni dai na san hunturu, na san hazo da fasowar leɓe, amma wannan ba a fata yake tsayawa ba, ƙashi yake nema. Garin yana kan tudu kusan mita 1,600 daga matakin teku, kuma daga baya aka fahimtar da ni cewa duk mita dubu da ka hau, iska na ƙara sanyi da wajen digiri shida. Wato hujjata ta kusantar rana a kife take. A wannan gari har dusar ƙanƙara takan sauka cikin hunturu. Ni kuwa ina sanye da 'yar shara ta yadi mai shara-shara da takalmi fade, ga tabarau a aljihu.

Ɗan Damagaram bai ce komai ba. Ya durƙusa ya zuge ƙasan jakarsa, ya zaro suwaita da rawani da safa. Ashe munafukin ya karya doka.

Ba a hawa dutsen sai da ɗan jagora daga Larabawan ƙabilar Jabaliya, waɗanda kakanninsu ke zaune a wurin tun zamanin da Sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka gina gidan ibadar Kiristocin da ke gindin dutsen, a ƙarni na 6. Namu saurayi ne siriri, ba ya yawan magana. Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka kama hanya, don a riski fitowar rana a sama. Ya dubi kular ya ce, "Ya shekh, mene ne a ciki?" Na ce kayan sha. Ya ce in bar ta a ƙasa. Girman kai rawanin tsiya. Na ce da ita za ni.

Minti ashirin na farko ni da Dogo muka riƙe ta, kowa da hannu ɗaya. Daga nan Dogo ya ce shi bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Na ɗora ta a ka kamar mai tallan fura. Turawa da 'yan Koriya suna wuce ni da fitilu a goshi da manyan riguna, suna haska ni, suna sake haska kular. Wata tsohuwa har ta tsaya ta tambaye ni da Turanci ko ana sayarwa ne.

Hanyar raƙuma muka bi, mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Masu raƙuma suna tsaitsaye a duhu suna kira, "Gamal, gamal." Da numfashi ya fara gagarata na yi ciniki da ɗaya. To ni duk cika bakin da nake yi wa Misirawa cewa mu 'yan bakin sahara ne, raƙumi a kasuwa kawai nake ganinsa, ban taɓa hawa ba. Ba wanda ya gaya mini da ƙafafun baya yake fara tashi. Yana yunƙurawa na tafi gaba na rungume wuyansa, kula ta tsaya a cinyata, na yi salati da ƙarfin da sai da wani ayari can sama ya amsa. Kuma dabbar nan ba ta son tsakiyar hanya, sai bakin gaɓa, inda in ka leƙa ba ka ganin komai sai baƙi. A sama kuma babu motsin jiki, sanyin ya samu yadda yake so. Haƙorana suna kaɗawa har mai raƙumin ya waiwayo ya ga ko wani abu ne ya kwance a sirdi.

Duk lokacin da na tambayi ɗan jagora saura nawa, amsa ɗaya ce: "Khamsa dagayig." Minti biyar. Na ƙirga minti biyar ɗin nan sau tara.

Inda raƙumi ke tsayawa ba nan ne ƙarshe ba. Saura matakala 750 na dutse, kowa da ƙafarsa. A nan ne na sallama. Akwai 'yan rumfuna a hanya masu sayar da shayi da biskit, suna ba da hayar bargo. Na karɓi biyu ban yi ciniki ba, ni da nake yi wa mai tumatir gardama a kan rabin fam. Bargon warin raƙumi yake, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa suka yi atishawa a cikinsa, amma na ƙudundune har ka. Na ajiye kular a gefen mai shayin. Ya buɗe, ya ɗaga robar zoɓo ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta a kan benci, ta yi ƙara kamar tabarya.

Ƙololuwar mita 2,285 ce. Akwai ƙaramin masallaci da ƙaramin coci kusa da juna. Lokacin asuba ya yi, Liman ya ce a yi alwala. Na zuba ruwa a hannu, na ji kamar an sare yatsun da wuƙa. Ban taɓa tuna babin taimama da irin wannan shauƙi ba. Na kalli Liman da ido mai neman fatawa, ya ce, "Ruwa na nan, Malam, kuma lafiyarka ƙalau." Na yi wanki ɗaya-ɗaya, farilla zalla.

Bayan salla na samu lungu tsakanin duwatsu biyu, na ce bari in ɗan runtsa kafin rana ta fito. An ce ta fito da kyau. An ce duwatsun sun yi ja, sannan suka koma ruwan zinariya, har ana hango Jabal Katrin, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Masar. An ce wasu har kuka suka yi. Ni na farka na tarar mai bargo yana jan gefen bargonsa, rabin mutane sun sauka. Na ciro waya in ɗauki hoto ko na hana rantsuwa, sanyi ya kashe batirin.

Da a nan na tsaya da shugabanci, da sauƙi. Sai na ji an ce akwai gajeriyar hanyar sauka, Matakalar Tuba, wadda ke kai mutum kai tsaye bayan gidan ibadar. Na ce mu bi ta nan, mu riga kowa shiga, mu ga masallacin da ke cikin harabar tun zamanin daular Faɗimiyawa da ta mulki Masar. Ba su ce mini duka-duka matakala 3,750 ba ne, kuma ba magini ne ya daidaita su ba, wata taku ɗaya, wata sai ka zauna ka zuro ƙafa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da kula a ka na sauko, gwiwoyina suna rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Dogo yana bayana yana cewa, "Tuba dai, shugaba, tuba."

Muka iso ƙofa muka tarar da ita a rufe. Ranar Lahadi ce, ba a buɗe wa baƙi. Ni na zaɓi ranar.

A mota ba wanda ya yi mini magana har muka wuce Suwais. Da daddare na kai wa maƙwabciyarmu kularta. Ta buɗe ta ga robobi goma sha biyu cif, mafi yawansu ko narkewa ba su gama ba. Ta ce, "Ɗana, ashe ba ku samu tafiyar ba?"