Babur biyar a ƙofar gida ɗaya

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku na nan Garwa.

Ranar Asabar ina zaune a zaure, na ƙirga babur biyar da suka tsaya ƙofar gidanmu tsakanin hantsi da la'asar. Na farko turaren wuta ya kawo, wanda ƙanwata ta gani a WhatsApp. Na biyu cajar waya. Na uku takalmin ƙanena, da aka gwada ya matse, sai na huɗu ya zo ya mayar da shi. Na biyar kuwa tsire ne, daga wurin da ko tsoho mai sanda zai taka cikin minti goma. Bayan magariba kuma ƙanwata da ƙanena suka hau babur zuwa kasuwa, wai akwai abin da sai ido ya gani.

To ina tafiyar da kuka ce sayayya ta waya ta rage muku?

Ba na musun amfaninta. Innarmu a da sai ta ɗauki kwanaki a hanya kafin ta saro atamfa. Yau tana zaune take zaɓa, ta biya ta Orange Money ko ta MTN, kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, mota ta ƙaraso da su. Wannan sauƙi ne na gaske, domin kayan mutum ɗari ne a mota guda. Matsalar tana ɗan guntun nan na ƙarshe, daga shago zuwa ƙofar gida. Kun san unguwanninmu, kwatance ake yi. Mai babur ya kira: "Hajiya, ina bayan masallaci." A ce masa ba wannan masallacin ba, na kusa da mai injin niƙa. Ya zaga unguwar Yelwa sau biyu, injin na ci, ya miƙa ƙullin da bai cika tafin hannu ba, ya koma ba komai a bayansa.

Man da yake ƙonawa kuma ba kyauta ba ne. Litar fetur a gidan mai sefa 630 ce a da, ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga daga Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi ma, tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 ya daina zama na banza. Kuɗin kai kaya da kuke raina wa, ku tara na wata guda ku gani. Hayaƙin kuma mu muke shaƙa, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40.

Sai leda. Cajar nan da na ambata, na ga yadda aka kwance ta: leda baƙa, cikinta kwali, cikin kwalin wata leda, an naɗe duka da salatif kamar za a tsallaka teku. Tun 2014 dokar Kamaru ta hana siririyar leda, Injamena ma ta yi nata hanin a 2010, amma ku leƙa kwatar ƙofar gidanku. Ruwan farko zai kwashe ta zuwa Binuwai, wadda ta rage akuya ta haɗiye, ko a cinna mata wuta yara na wasa a gefe.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ku riƙa tara buƙata, ku yi oda sau ɗaya, ku haɗa da ta maƙwabta idan wuri guda ne. Kafin ki tura kuɗin takalmi, ƙanwata, auna ƙafarki ki tambayi lamba. Masu sayarwa, ku ware rana ga kowace unguwa. Kada wani ya ce ina son toshe wa masu babur abinci, abokina da shi yake riƙe iyalinsa. Shi da kansa ya fi son tafiya ɗaya mai kaya shida da kuɗi mai kauri.

A gidanmu yanzu akwai takarda manne a bangon zaure, kowa ya rubuta abin da yake so, Alhamis a aika. Makon nan babur ɗaya ya zo da kaya bakwai. Jiya da daddare dai na ji ƙarar wani ya tsaya can nesa da ƙofa, ƙanwata ta shigo da ƙulli ƙarƙashin hijabi. Na yi kamar ban gani ba.