An yashe kwata, an jibge a bakin titi: wa ake jira ya kwashe?

Wai don Allah wane irin aiki ne a tara matasa da shebur da baro su yashe kwata, su jibge baƙin taɓon a gefen titi, sannan motar kwasa ta ƙi zuwa? A bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa a birnin Katsina bayan an yi gayyar tsafta a gani. Tulin zai bushe, awaki su tone shi, iska ta watsa ledar, ruwan sama na farko ya mayar da sauran cikin kwatar da aka fito da shi. An ɓata ƙarfin mutane a banza, kuma gobe a fito rediyo a ce jama'a ne ba su da tsafta.

Jama'a na da nasu laifin, ba musu. Amma matar da ke cikin lungu, babu juji kusa, babu ranar da ta san mai kwasa zai zo, me za ta yi da sharar kwana uku? Almajiri za ta ba, shi kuma kwata mafi kusa zai juye. Ledar fiya wata ita ce babbar annoba: jaka ɗaya guda 20 ce, gida mai mutum goma kan sha fiye da jaka a yini lokacin zafi. Ledar ba ta ruɓewa. Tana maƙalewa a bakin kwalbati, yashi ya taru a bayanta, kafin watan Agusta hanyar ruwa ta toshe. Ruwan da ya kwanta kuwa, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. Katangun ƙasa da ke jiƙa daga tushe su ma haka suke zubewa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne yawancin abin nan da muke kira shara kuɗi ne, cakuɗa shi ake yi ya lalace. Tun kakanni manoman kewayen birni suke ɗibar takin gari a kan jakuna zuwa gona, domin toka ce da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya. Yau manomi ya sayi tifa ɗaya, sai ya tarar da leda da fasassun kwalabe da batir da kunzugun jarirai. Ledar ta hana ruwa ratsa ƙasa, ta naɗe a garma. Dabba ta haɗiye ta saboda ƙanshin abinci, ta dunƙule a tumbi, akuya ta riƙa ramewa tana ci ba ta ƙiba. A tambayi mahauta abin da suke cirowa daga cikin tumbi.

Raba shara ba ya buƙatar komai sai buhu biyu da bokiti ɗaya. Bokiti na mai ruɓewa: ɓawon albasa, ragowar tuwo, ganyen bedi da aka share. A haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya a inuwa, a shimfiɗa busasshen ganye ko ƙaiƙayi kashi biyu, ɗanyen shara kashi ɗaya, a barbaɗa kashin awaki da 'yar toka, a yayyafa ruwa ya yi danshi kawai. A juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. In ya zauna bai yi zafi a ciki ba, ya bushe ne. Nama da mai ba sa shiga, ɓeraye suke kira.

Buhu na farko na roba. Gorar ruwa da ta lemo, mai lamba 1 a gindi, a tsiyaye ta, a take ta, a cire murfin, domin murfin wata roba ce daban kuma masu niƙa a ware suke son su. Jarka mai lamba 2 da fasasshen bokiti su ma da masu saye. Ledar fiya wata ana saye a kilo, amma busasshiya marar yashi. Wadda ta kwana a kwata ba mai ɗauka. Buhu na biyu na ƙarfe da kwali. A gwada da mayen ƙarfe: gwangwanin da bai kama ba sanholo ne, ya fi tsada, shi maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Kwali kuwa da ya jiƙe ko mai ya taɓa shi, darajarsa ta tafi.

To ga inda takaicin yake: gidan da ya yi duk wannan, in an yi sa'a mota ta zo, buhunan duka ake juyewa wuri ɗaya. 'Yan jari bola ne kaɗai ke rabawa, da hannu ba safar hannu, suna tono cikin allurai, kuma su ake kora ana kira ɓarayi. A yi musu rajista a unguwa, a ba su katin shaida da wurin awo, wanda ya saci murfin kwalbati a san shi.

Wuraren aiki ma ba su tsira ba. Ofisoshi na buga takarda fuska ɗaya su ƙone ta a bayan gini tare da roba, hayaƙin ya shige ajin makarantar da ke maƙwabtaka. Makanikai na tuttular da baƙin mai a kwata alhali in an tara a duro akwai masu saye. Batirin mota da na sola ana fasa su a fili a zubar da ruwan, yara na wasa a wurin, kamar ba mu ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba.

Masu alhakin kwasa su faɗa wa kowace unguwa ranarta, su liƙa a masallaci da gidan mai unguwa, su cika. Kuma kada a sake kiran kowa yasar kwata sai tifar da za ta ɗauke taɓon tana tsaye a wurin.