Nasiha Ga 'Yan'uwana Malamai: Giɓin Korona Yana Nan A Azuzuwanmu

Assalamu alaikum, 'yan'uwana malaman firamare da na ƙaramar sakandare a Jihar Sakkwato, manya da ƙanana, maza da mata. Ina rubuta wannan ne a matsayin ɗayanku wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar alli, kuma duk laifin da zan ambata a nan na fara ganinsa ne a kaina kafin in gan shi a wurin wani. Maganata a kan yaran da annobar korona ta yanke wa karatu ce, da kuma irin neman ilimin da ya wajaba a kanmu mu malamai idan har muna son su farfaɗo.

Kowa a cikinmu yana tune da watan Maris na 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a faɗin ƙasa. 'Yan ajin ƙarshe ne kawai aka bari suka koma a watan Agusta domin rubuta jarrabawar WAEC, sauran yara kuwa sai wajen ƙarshen shekarar aka fara buɗe musu ƙofa. An yi ƙoƙarin koyarwa ta rediyo da talabijin, kuma waɗanda suka yi wannan aiki sun cancanci yabo, sai dai yaron da ya wuni a gona ko yarinyar da ta wuni ɗauke da farantin talla ba su da lokacin zama gaban rediyo. Mu a wannan yanki abin bai tsaya nan ba. Ba a gama farfaɗowa ba aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, sannan a Jangebe a Fabrairun 2021, sannan a Birnin Yawuri a watan Yuni, har dole ta sa aka rufe makarantun kwana da dama a jiharmu, kuma a ƙananan hukumomi irin su Isa da Sabon Birni akwai ƙauyukan da tsoro ya watsa ɗalibai da malamansu gaba ɗaya. Yaron da yake aji 1 ko aji 2 a lokacin yanzu ya kai ƙarshen firamare ko ya shiga ƙaramar sakandare, domin mun yi ta ciyar da shi gaba shekara bayan shekara kamar babu abin da ya faru. Giɓin nan ya biyo shi daga aji zuwa aji, yana nan zaune a kan benci gaban kowannenmu.

Ban gane girman abin ba sai ranar da na rubuta gajeren labari na jimla huɗu da Hausa a kan kwali, na kira 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin taga domin kowa ya karanta mini shi kaɗai. Akwai wata yarinya da nake ɗauka tana cikin masu ƙoƙari, saboda littafinta tsaf yake, rubutunta kuma ya fi nawa kyau. Ta riƙe kwalin, ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, leɓunanta suna motsi amma babu abin da ya fito, can sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ka fara faɗa in bi ka." Ashe duk watannin nan zana haruffa take yi daga allo kamar mai kwaikwayon zanen hula, idan kuma ana karatu da amshi sai muryarta ta shige cikin ta sauran. A ranar na tarar da irinta da yawa, kuma kunyar da na ji ta fi ta yaran, domin ni ne na yi ta rubuta musu "ya yi kyau" da jan biro.

Wani rahoto da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 'yan shekara 10 da ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi sun tashi daga kashi 57 cikin 100 kafin annobar zuwa kimanin kashi 70 bayanta. Ku lura da adadin farko da kyau. Tun kafin korona abin ya lalace, shi ya sa ma gwamnatin jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, shekaru kafin kowa ya ji sunan cutar. Saboda haka kada mu mayar da korona bangon jingina duk gazawarmu. Ta tarar da gini mai tsaga ne, ta ƙara buɗe tsagar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin da masana suke ta yayatawa yanzu, mun taso da shi a ƙofar gidajenmu. A makarantar allo babu yaron da ake barin ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, malam ya gamsu cewa karatun ya zauna. Yara 50 suna zaune a tabarma ɗaya, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu, kuma babu wanda ake ja gaba don kawai sa'o'insa sun wuce. A makarantar boko kuwa manhaja muke bi da kalanda: mako na shida ya zo, dole a yi darasin mako na shida, ko da rabin ajin bai san harafi ba. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta gina wata hanya a kan wannan tunani, wadda ake kira koyarwa daidai da matakin yaro, kuma an gwada ta a wasu jihohin Arewa, ciki har da Borno. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a gano ko bai san komai ba tukuna, ko ya san haruffa, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta sakin layi, ko yana iya karanta labari ya ba da ma'anarsa. Daga nan sai a ware wani lokaci a kowace rana a haɗa yara bisa matakinsu, a manta da ajinsu da shekarunsu, a riƙa sake gwada su bayan 'yan makonni, wanda ya ƙware a matsar da shi gaba. Haka ake yi a lissafi ma, daga sanin lambobi zuwa tarawa da ɗebewa da rabawa. Wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta ko lantarki. Yana buƙatar kwali da tsinken tsintsiya da murafen kwalba na ƙirga, da malamin da ya koyi yadda ake yinsa, kuma a wannan sharaɗi na ƙarshe ne muke da rauni.

Bari in faɗi abin da muka sani dukanmu amma ba mu son ji. Da yawa daga cikinmu idan aka ce an saka sunansa a bita, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne alawus, ta biyu kuma ko akwai abincin rana. Na halarci wata bita ta kwana uku inda zauren yake cika maƙil da safe lokacin sa hannu, ya zama fayau bayan sallar Azahar, sannan ya sake cika a ranar ƙarshe da za a karɓi lambar asusu. Ni ma na taɓa sulalewa a irin wannan rana, Allah Ya yafe mana. An raba mana littafin jagoran malami mai kyau, na kai shi gida na ɗora a kan sif, ban sake buɗe shi ba sai bayan wannan yarinya ta kunyata ni. Na san albashinmu ba ya kai mu tsakiyar wata, na san akwai wanda yake hawa kabu-kabu da yamma domin ya ciyar da iyalinsa, kuma ban ga laifin mai murna da alawus ba. Laifin yana ga karɓar kuɗin a bar ilimin da aka biya kuɗin dominsa, domin wannan cin amana ne, kuma waɗanda aka ci amanarsu yara ne da ba su san ma an yi ba.

Mu mutanen Sakkwato bai kamata a koya mana yadda ake kai ilimi daga hannu zuwa hannu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tsara 'Yan Taru, inda take zaɓar mata dattijai masu amana ta naɗa kowacce jaji, wato jagora, ta ba su malfa alamar matsayinsu. Su zo wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su karantar da matan garuruwansu, sannan su sake dawowa ƙaro wani. Jaji ba ta ɗaukar karatu domin ta ajiye shi a ɗaki, kuma zuwa ɗaya ba ya isarta. Haka kuma har gobe za ka ga malamin da yake da ɗalibai cike da zaurensa ya ɗauki littafinsa bayan Asuba ya tafi ya durƙusa gaban wanda ya fi shi, ba tare da ganin girmansa ya ragu ba. Mu ne kawai, da muka karɓi takardar shaidar malanta ta NCE daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko digiri daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muke ɗauka mun sauke karatu ke nan har ritaya.

Shawarata mafi nauyi ita ce kowace makaranta ta kafa zaman malamai na sa'a ɗaya a kowane mako, ko da a gindin dogonyaro ne bayan an tashi yara. A makarantarmu mun zaɓi ranar Alhamis. Sharaɗinmu shi ne ba a maganar ƙarin girma ko bashin albashi ko siyasa a wannan sa'a, tun da muna da sauran kwanaki shida na yin wannan. Mutum ɗaya yakan tashi ya koyar da darasin minti goma kamar yana gaban yara, mu kuma mu zama ɗalibansa, bayan ya gama kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara. Makonnin farko sun yi wuya, domin babu dattijon da yake son ƙaramin malami ya ce masa ya cika sauri. Abin da ya karya ƙanƙarar shi ne ranar da wata malama, wadda ta sami horon shirin koyar da yara karatu mai suna Mu Karanta da aka gudanar a Sakkwato da Bauchi, ta nuna mana bambancin sunan harafi da sautinsa. Mafi yawanmu mun saba sa yara su rera sunayen haruffa irin na Turanci, sannan mu yi mamakin yadda suka kasa haɗa b da a su ce ba. Ta nuna mana yadda ake fara wa yaro da sauti, a haɗa gaɓa, gaɓa ta zama kalma, kalma ta shiga jimla, duka da Hausar da yake ji a gida, wadda rubutunta yake tafiya daidai da furucinta. Wani abokin aikinmu da ya haura shekara 20 yana koyarwa ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, don Allah sake yi a hankali in rubuta." Tun daga ranar babu wanda ya ƙara jin nauyin tambaya.

Duk wanda aka tura bita, hakkin sauran ne a kansa ya kawo abin da ya koyo wannan zama, ya gwada shi a gabansu. Idan kuma shugaban makaranta ko jami'in da ke zagayen duba makarantu ya shigo ajinka ya zauna a baya, ka daina ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Ku kuma shugabanni, ku shiga aji da niyyar gyara, ku faɗi abin da kuka gani a keɓe, domin malamin da aka tozarta gaban ɗalibansa ba zai sake buɗe muku ƙofa da zuciya ɗaya ba.

Sai batun kayan aiki. Na taɓa shiga ofishin wani shugaban makaranta na tarar da kwalaye na littattafan karatu da aka kawo tun shekarar da ta gabata, ko igiyar ɗaurinsu ba a kwance ba. Hujjarsa ita ce yara za su yaga, kuma idan masu bincike suka zo ƙirga ba ya son a ce sun ɓata. Da muka ɗaga kwalin ƙasa sai muka ga gara ta riga yaran. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikin da aka buga shi dominsa, saboda haka ku fito da su, ku rubuta suna da lamba, ku bar yaro ya je gida da shi ya karanta wa ƙanensa.

Wayoyin da ke aljihunmu ma kayan aiki ne. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta bisa manhajar ƙasa, har da na Hausa. Datar da muke ƙonawa a muhawarar Facebook ta isa mutum ya duba yadda wani ya koyar da darasin da ke ba shi wahala. Sai dai kada a dogara ga intanet kaɗai, domin ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Abin da ka gani mai amfani, ka kwafe shi a littafinka. Wanda kuma yake son ƙarin takarda, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana da karatun nesa wanda ba ya raba mutum da ajinsa.

Iyaye kuwa a gaya musu gaskiya. Ku kira kwamitin kula da makaranta na unguwa, da liman da mai unguwa, ku nuna musu yara nawa ne ba sa iya karatu, ku roƙi a bar yaro ya riƙa zuwa kullum har ranar kasuwa da lokacin girbi. Uba yakan ji zafi idan aka ce ɗansa na aji 5 bai san harafi ba, amma na ga waɗanda suka dawo godiya bayan wata biyu.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne kowane malami ya sayi littafi ɗaya mai layi, ya rubuta sunan kowane yaro da matakin da ya same shi a farkon zango, ya sake rubutawa a tsakiya da ƙarshe, sannan idan shekara ta ƙare ya miƙa shi hannu da hannu ga malamin aji na gaba. Yarinyar da na ambata tana shafi na uku a nawa littafin. A farkon zango na rubuta "haruffa" gaban sunanta, a tsakiya na rubuta "kalma", kuma malamin da ya karɓe ta daga hannuna ya gaya mini a zamanmu na Alhamis cewa ta fara karanta sakin layi, sai dai har yanzu tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, kuma ya ware mata minti biyar kullum kafin a tashi tara.