Gicciyen da aka yafa wa shunayya

'Yan'uwa cikin Ubangiji, salamar Almasihu ta tabbata a gare ku.

Wanda ya shiga majami'ar Presbyterian a makonnin nan na azumin kwana 40 kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, a wurare da dama zai tarar an yafa wa gicciyen da ke bayan mimbari ƙyalle mai launin shunayya. Gicciyen kuwa katako ne zalla, babu siffar kowa a jikinsa. Da gangan aka bar shi haka. Iyayen wannan ikilisiya, tun daga John Calvin a Janiba har John Knox a Sikotlan a wajajen 1560, sun ji tsoron kada ido ya janye zuciya daga Maganar Allah, suka fitar da siffofi daga ɗakin sujada. Gicciyen kansa ya daɗe bai samu shiga ba. Azumin nan ma ba su kiyaye shi ba, kai, a Sikotlan ko Kirsimeti bai zama ranar hutun ƙasa ba sai 1958. Daga wannan tushen ɗan mishan Hope Waddell ya fito ya sauka Kalaba a 1846. Sai a ƙarni na 20 yawancin majami'un Presbyterian suka buɗe wa waɗannan alamu ƙofa.

In ka tambayi dattijon ikilisiya me ya sa babu kowa a kan gicciyen, zai ce maka domin Yesu ya tashi. Gaskiya ne, haleluya. Amma ina jin tsoron mun mai da wannan amsa hanyar ratse, muna so mu kai Ista ba mu bi ta Jumma'ar mutuwarsa ba.

Shi ya sa ƙyallen nan yake da amfani. Shunayya launin sarakuna ne, amma a Markus 15 sojoji ne suka sa wa Ubangijinmu ita don ba'a, suka ɗora masa rawanin ƙaya, suka buge shi a ka da sanda, suka tofa masa miyau, suna durƙusa masa da izgili. Bai rama ba. A wurin Romawa gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, kisan wulaƙanci a bainar jama'a. Yau mu kuma mun rataya shi a wuya da sarƙar zinariya, mun manna shi a gilashin mota. Ba laifi ba ne. Sai dai a Luka 9:23 cewa ya yi mai son bin sa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana.

To, 'yar'uwa, kin bar cin nama tun Larabar Toka, ranar fara azumin, amma kin bar cin naman facalarki a bayan idonta? Ɗan'uwa, kana kan gaba a addu'ar asuba, mudun da kake auna wa mutane masara fa, cikakke ne? Ga wanda kuka yi wata shida ba kwa gaisawa saboda zaɓen dattawa, benci ɗaya ne tsakaninku, duk kuna kallon gicciye guda, kuna rera waƙa guda.

Ranar Jumma'ar mutuwar Ubangiji za a sauke shunayyar a sa baƙi, ko a bar katakon tsirara. Ranar Lahadi a sa fari. Kafin ranakun nan su zo, karanta Matiyu 5:23-24, ka ajiye baikonka tukuna, ka je gidan mutumin nan da ƙafarka ka yi sallama. Ko da shi ne ya fara yi maka laifi, kai ka fara gaishe shi.