Wai a raba wasa da siyasa? Tun yaushe?

Duk wanda ya ga abin da ya faru jiya a ƙarƙashin rubutuna kan Alfred Lyttelton, Baturen Ingila ɗan wasa kuma ɗan siyasa, ya san ba ni na tsokano ba. Cewa kawai na yi mutumin nan ɗan mulkin mallaka ne, sai ga wani malam ya taso mini, wai in bar ɗan wasa da wasansa, in daina cusa siyasa. To sannu da ƙoƙari, malam, Allah ya ƙara basira.

Ni ban taɓa musun gwanintarsa ba. Shi ne mutum na farko da ya buga wa Ingila ƙwallon ƙafa da kurket duka biyun. A 1877, ranar da Sikotilan ta lallasa su 3-1, ƙwallon Ingila tilo shi ya ci. A kurket aikinsa tsayawa bayan sanduna ne, amma a 1884 a filin Oval, da 'yan Ostareliya suka gagari kowa, ya karɓi ƙwallo yana wurga ta ƙasa-ƙasa kamar mai wasa da yara, ya fitar da mutum 4. Wallahi labarin nan yana burge ni.

Amma daga Oktoban 1903 zuwa ƙarshen 1905, wane ne ministan ƙasashen mallaka a Landan? Shi ne. Lugga na zaune a Zungeru, rahotonsa ofishin wannan ɗan ƙwallon yake tafiya. Ko wata 3 ba a yi da kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ba ya hau kujerar. Shi ya amince a kwaso leburori daga Sin a zuba su ramukan zinariyar Transvaal a Afirka ta Kudu.

Za a ce ai ba shi ya ci Kano da yaƙi ba. Na ji. Ya mayar mana da ita ne? Za a ce zamanin ne haka. Zamanin ne ya sa hannu a takarda, ko shi? A makarantar Eton aka koya masa dukan ƙwallo, a Eton ɗin aka shirya shi mulkin mutane, kai kuma kana so in raba maka su.

Af, masu cewa kurket wasan ragwaye ne: ƙwallon kurket ce ta buge shi a ciki a 1913, ta zama ajalinsa yana da shekara 56. Na taɓa riƙe irin ta sau ɗaya, taurinta sai ka ce dutsen guga.