Matasan garka, ku bar huren albasa ya sha iska

Salamu alaikum samarin Tawa, musamman ku da kunka shiga harkar hidda irin albasa don kun ji yana kuɗi. Ina da magana da ku, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri.

Bara wani ƙanena a wajen Galmi ya dasa uwar albasa, wato albasar da ake dasawa don ta ba da iri, ta yi hure hwari tas gwanin kyau, amma da anka sussuke rabin irin ƙaiƙayi ne, sai ya ce wai baki ne aka sa mishi. Ba wani baki, yaro. Wannan garin da kuke gani cikin hure, mai kama da ƙura, shi ne namijin, kuma abu ne mai rai wanda ba ya jimawa, ranar da ya hito ita ce ranar ƙarfinshi, kwana kaɗan ya mutu, in ko zahi ya yi yawa ko ruwa ya jiƙa shi to tun kahin nan ma ya lalace. Kuma a albasa garin ne ke riga hitowa, macen huren sai daga baya take shirya, shi ya sa dole sai zuma da ƙuda sun kwaso sabon gari daga wani huren sun kawo mata. To kai da ka ɗauki pampo da rana tsaka kana hwesa magani kan huren, wa ka kashe? Ma'aikatanka na banza da ba su tambayarka ko dala.

Sannan lattin dashe. Kuna zaune kuna shan shayi har sanyi ya wuce, huren ya zo ya haɗu da zahin watan Maris da Afirilu, iska mai ƙuna ta kashe garin.

Masu dabino a Ingal, can jihar Agadas, sun san wannan tun kaka da kakanni, su kan yanko huren namiji su shanya shi a inuwa, ba a rana ba, ya bushe sarai kahin a aje, saboda damshi ke kashe shi.

Irin da kunka samu ma haka yake. Na albasa bai da tsawon rai, ya shekara ƙarfinshi ya hwara raguwa, balle ka ƙulle shi da ɗanyenshi cikin leda a ɗakin kwano. Kahin ka sayar ma wani ko ka zuba a naka hili, ƙirga ƙwara 100 ka sa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 10 ka buɗe ka ga nawa sunka tsiro.