Kafin ta tabbatar tana da ciki, zuciyar ɗanta ta fara bugawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ayoyin Suratul Mu'minun, daga ta 12 zuwa ta 14, suna cikin waɗanda muka fi yaɗawa a Facebook da WhatsApp: ɗigon maniyyi a matabbata amintacciya, gudan jini, tsoka, ƙasusuwa, sannan a tufatar da ƙasusuwan da nama. Sai a liƙa hoton ɗan tayi, a rubuta "Alƙur'ani ya riga su", jama'a su yi ta kabbara, shi ke nan an wuce. Kabbara ba laifi ba ce. Amma ba don mu yi wa Turawa gori aka saukar da ayoyin nan ba, kuma maganar Allah ba ta jiran wani ɗakin bincike ya sa mata hannu kafin ta zama gaskiya. Abin da aka nema a wurinmu yana cikin Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani?" Cewa aka yi mu duba. To, su waye suka duba?

Akwai wata mata, Margaret Buckingham, haifaffiyar Birtaniya a 1945. Ta yi karatu a Oxford, ta koma Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris a 1971, ta shafe sama da shekara arba'in tana bin tambaya guda: yaya tsoka da zuciya suke samuwa a jikin ɗan tayi? Da tayin ɓera take aikinta, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. E, ɓeran nan da muke ɗana wa tarko a sito. A 2013 hukumar binciken kimiyya ta Faransa ta ba ta lambar zinare, wadda ita ce mafi girma a wurinsu.

Ga kaɗan daga abin da ita da ire-irenta suka gani. Wajen kwana 20 da shigar ciki, wasu ƙananan dunƙule-dunƙule suna fara jeruwa a gefe biyu na bayan ɗan tayi, bibbiyu-bibbiyu, kamar 'ya'yan carbi, daga wajen kai suna gangarowa. Daga cikinsu ƙashin baya da haƙarƙari suke fitowa, daga cikinsu kuma tsokar gangar jiki take fitowa. Naman da ke hannunka da ƙafarka ba a nan ya samo asali ba. Ƙananan ƙwayoyin halittar da suka gina shi tasowa suka yi daga waɗannan dunƙulen, suka yi tattaki zuwa inda hannu ya fara tsirowa, suka haɗe da juna suka zama zaren tsoka. Haka naman harshen da kake karanta Fatiha da shi, daga wajen ƙeya ya taso. Tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda kake numfashi da ita ko kana barci, daga wajen wuya ta faro ta gangaro, shi ya sa har gobe jijiyar da ke motsa ta daga wuya take saukowa. Wa ya nuna musu hanya a cikin duffai uku? Kai dai ba ka nan a lokacin, mahaifiyarka kuwa ba ta ma san ana yi ba.

A 1997 ɗakin binciken matar nan ya nuna cewa idan aka kashe ƙwayoyin gado (wato umarnin ginin jiki da ake gada daga iyaye) guda biyu kacal, masu suna Pax3 da Myf5, tayin ɓera ba ya yin tsoka a gangar jikinsa, amma tsokar kansa tana nan. A 2001 kuma suka gano cewa zuciya ba daga tushe ɗaya take ginuwa ba: bayan ta fara a matsayin ɗan bututu, wasu ƙwayoyi daga wajen maƙogwaro suna zuwa su ƙaru a kanta, su gina sashenta na dama da mafitar jini. Daga baya ma suka nuna cewa wannan sashen na zuciya da tsokar tauna da ta fuska 'yan asali ɗaya ne. Subhanallah. Ni dai kunya ce take kama ni idan na tuna wata ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan wannan, mu da aka ce mana mu duba kuwa ko minti biyar ba mu ba shi ba. Ɗaliban BUK da ke sashen ilimin sassan jiki, ku gyara niyya, karatunku yana iya zama ibada.

Amma da magidanta nake son magana.

Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki. Wato lokacin da maiɗakinka take cewa al'adarta ta yi jinkirin mako guda, ba ta ma tabbatar ba. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa wajen kwana 28. Kafin mako takwas ya cika an aza tushen manyan gaɓoɓi duka, alhali tsawon yaron bai wuce santimita 3 ba. Mu kuma yaya muke yi a waɗannan makonnin? Ta ce kanta na ciwo, jikinta ya mutu, ba ta son warin girki. Sai ka biya kemis a hanyar dawowa daga kasuwa ka ce a haɗo mata na zazzaɓi, a ƙulle maka ƙwayoyi kala biyar a leda, babu wanda ya tambaya ko tana da shigar ciki. Ko wata gwaggo ta aiko da jiƙo a jarka, ba a san me aka jiƙa ba. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar wa mata masu laulayi wani magani, talidomaid, a ƙasashe da dama. An fara janye shi a 1961, amma ya jawo an haifi yara sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannu ko ƙafa ba su cika ba, domin maganin ya riski tayin daidai kwanakin da gaɓoɓin suke tsirowa. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma wanda ya rubuta ƙaddarar shi ne ya ce a riƙi sababi, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Abin mamaki, mutumin da zai je kara tun ciki na wata bakwai yana taya ragon suna, ya ɗinka sabuwar shadda, ya yi odar goro da alawa, shi ne kuɗin adaidaita sahu zuwa awo yake gagara. Sai ka ji ya ce, "Ai iyayenmu ba su yi awo ba." Alhaji, ka tambayi Hajiya 'ya'ya nawa ta binne, za ta lissafa maka su da sunayensu. Allah da kansa ya siffanta ɗaukar ciki a Suratu Luƙman, aya ta 14, da rauni a kan rauni. Wadda Ubangiji ya yi wa wannan shaida ba a ce mata raki take yi ba, ba a kuma tsare ta da surfe da wankin gida guda don a gwada ko tana da juriya. Wannan da iyayenmu surukai nake, cikin ladabi, Allah ya ƙara girma.

Masu ciki kuma, 'yan uwana, ɓoye ciki saboda kunya ko tsoron baki al'adarmu ce, babu wanda ya ce ku yi shela. Amma kada a ɓoye wa ma'aikaciyar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo cikin makonni 12 na farko, ba sai ciki ya turo riga ba. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a kullum, tana rage haɗarin haihuwar yaro da buɗaɗɗen baya, kuma tun da bututun nan da wuri yake rufewa, wadda take sa ran ciki tun kafin ya shiga ya kamata ta fara sha. Wadda take kan maganin farfaɗiya, hawan jini ko ciwon suga, kada ta yanke shi da kanta saboda ta karanta wannan rubutu. Ta ɗauki kwalin maganin ta tafi da shi asibiti, mijinta ya raka ta, likita ya duba ya faɗi wanda za a ci gaba da shi da wanda za a canja.